Gishiri Na Sa wa Kifina, Ba Maganin Ƙwari Ba

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Gwajin Abinci,
wanda ya sa hannu a takardar da ta rufe mini rumfa,
ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Umaru Bawa, a kasuwa ana ce mini Umaru Mai Banda. Ina zaune a Kwamba, cikin Suleja, kuma sana'ata bandar kifi. Ita na tarar mahaifina yana yi, ita nake yi tun garin nan yana amsa tsohon sunansa. Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganin fuskarka ba, sa hannunka kaɗai na sani. Sau biyu na hau mota na zo har ƙofar ofishinka, sau biyu aka ce ba ka nan, shi ya sa na biyo ta jarida. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, saboda haka in ka ga rubutu ya karkace sai ka yi haƙuri.

Abin da ya sa nake sauri shi ne, ranar Alhamis mai zuwa za a ƙona kifina kwando goma sha ɗaya a bayan mayanka, a gaban jama'a, a matsayin kifi mai guba. In an ƙona shi duka, babu sauran abin da za a sake gwadawa, ke nan zan mutu da sunan wanda ya ba 'ya'yan mutane guba. Ga yadda aka yi.

1. Mako uku ke nan, yara uku na wani tela a Bagama suka ci miyar kifi da rana. Kafin la'asar duk suna amai, biyu suna fizge-fizge. Aka kwashe su zuwa asibiti. Biyu sun dawo gida, ƙaramar tana can har yau da nake rubutun nan, Allah ya ba ta lafiya. Uwar yaran ba ita ta je kasuwa ba, maƙwabciya ta aika. Maƙwabciyar kuma ta ce ranar kasuwa ce, ta tsaya a rumfa uku ko huɗu tana tayawa, ba za ta iya rantsewa a wace ta saya ba.

Ba sai na ɓoye maka ba, kowa a layin kifi ya san akwai masu yayyafa wa banda maganin ƙwarin nan da ake fesa wa auduga, don kada tsutsa ta cinye musu kaya da damina. Ban kama hannun kowa ba, don haka ba zan kama sunan kowa ba. Amma da na ji an ce hukuma za ta bincika, wallahi murna na yi. Har na ce wa mai ɗakina, Hajara, to yau dai za a raba mu da wannan bala'i.

2. Ranar Talata da hantsi duba-gari ya zo da takardu da ambulan. Mu takwas ne masu banda a layin. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar kifi biyu-biyu yana rubuta suna. Da ya zo kaina, sauran bakwai ɗin duk suna tsaye a kewaye da mu, sun kasa kunne. Ya ɗaga alƙalami ya ce, "Malam Umaru, ban da hayaƙi, akwai wani abu da kake sa wa kifin nan?"

Na ce, "Babu."

Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Na faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa mini. Akwai abin da nake sawa, kuma zan gaya maka shi kafin in rufe wasiƙar nan. Dalilin ƙaryar shi ne, abin sirrin sana'ar gidanmu ne. Mahaifina ya koyo shi a Lakwaja lokacin da yake aikin jirgin ruwa, kuma da ya koya mini sai da ya sa na ɗaukar masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba sai wanda zai gaje ni. Saboda wannan sirri ne kifina yake ƙetare damina ba tsutsa, alhali na wasu kan zama gari a cikin kwando. Shekara da shekaru abokan sana'ata suna neman su gane. An aiko mini da abokai, an aiko da mata wurin Hajara da sunan ɗiban wuta, har an ce laya na binne a ƙarƙashin murhu. To ga su tsaye a kaina su bakwai, a ce in faɗa a gabansu? Na ɗauka tambayar cike takarda ce kawai. Na ce a raina, ai ni ba na sa magani, injinsu zai wanke ni. Duba-gari ya rubuta cewa ban sa komai ba, ni kuma na dangwala hannu.

3. Bayan kwana tara takardarka ta iso. Ina cikin ciniki sai ga duba-gari da Sarkin Kasuwa da 'yan sanda biyu. Aka karanta cewa a cikin kifin mutum takwas da aka gwada, nawa ne aka samu da sinadarin kulorin mai yawan gaske, kuma tunda na ce ban sa komai ba, alama ce ta maganin ƙwari. Aka kwashe kwandunana, aka ɗaure rumfar da igiya. Ni dai ina tsaye riƙe da tarwaɗar da wata mata ta zaɓa, ta saki ta ja da baya tana goge hannu a zane.

Da a nan aka tsaya da na daure. Amma aka sa mai shela ya zaga kasuwa da unguwanni yana cewa kada kowa ya ci kifin Umaru Mai Banda, wanda yake da shi a gida ya zubar. Ya bi ta ƙofar gidana, 'ya'yana mata suna zaune a zaure suna ji.

Kuma mutane suka yarda nan take. Me zai hana su yarda? Ai dama suna neman dalilin da kifina ba ya tsutsa, ga hukuma ta ba su. Ko'ina ka bi sai ka ji, "Dama mun faɗa! Ashe layar tasa ke nan." Mama Uche, mai sayar da abinci a tasha, wadda ta fi shekara goma ba ta sayen kifi sai a wurina, ta zo har gida. Ba ta yi zagi ba, da ma zagin ta yi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da Hausarta, "Baba Umaru, yarana suna ci, ni ina ci. Me na yi maka?" Na buɗe baki in rantse, ta juya ta tafi.

Duk Juma'a nakan aika da faranti ɗaya na kifi masallacin unguwarmu a raba sadaka, tun mahaifina na da rai ake haka. Juma'ar da ta wuce, daga ɗan abin da muke ci a gida Hajara ta zuba aka kai. Farantin ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, ni da furfurata, ba na jin kunyar faɗa. Telan nan kuwa, uban yaran, ya aiko a gaya mini in 'yarsa ta mutu, ni da shi sai a gaban alƙali. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan ce ke nan.

4. A gidan da ke jikin namu akwai wani ɗan haya, Malam Istifanus, mutumin Filato, malamin kimiyya a makarantar sakandare. Shi kaɗai ne bai daina gaishe ni ba. Na roƙi duba-gari ya bar ni na kwafi takardarka da hannuna, na kai masa. Ya sa tabarau ya duba. Sannan ya bayyana mini yadda irin na'urarku take aiki, ni ma zan maimaita a nan don masu karatu su gane, in na yi kuskure ka gyara mini.

Ya ce akan yanki ɗan tsokar kifi, a auna, a naɗe a takarda, a sa cikin wata kwalba mai kauri da aka cika da iskar nan da ake sa wa marar lafiya a hanci a asibiti. A kunna wuta a toshe. Tsokar ta ƙone ƙurmus, hayaƙin ya narke cikin wani ruwa da ke gindin kwalbar. Wannan ruwan ake aunawa a ga yawan farar wuta da yawan kulorin da ke cikin abin da aka ƙona. Kulorin shi ne sinadarin nan da ake jin warinsa a ruwan famfo, kuma yana cikin maganin ƙwarin da ake zargi.

Ya nuna mini layin farar wuta. Mu takwas ɗin duk kusan ɗaya muke. Ya ce haka ya kamata, don naman kifi da farar wutarsa Allah ya halicce shi, kuma wannan ya nuna na'urar lafiyarta ƙalau. Sai ya sa yatsa a layin kulorin, inda nawa ya yi wa na sauran nisa ba kaɗan ba. Ya ce, "Malam Umaru, in da maganin ƙwari ne ya kai wannan awo, da duk wanda ya ci kifinka an binne shi, har da kai. Ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah, kana sa gishiri?"

Abin da na ɓoye shekara talatin, mutumin nan ya karanto shi a takarda cikin minti goma. Na sunkuyar da kai na ce ina sawa.

Ya tafa hannu ya ce to shi ke nan. Wai gishirin nan da muke ci, fiye da rabinsa kulorin ne. Na'urar kuwa duk kulorin da ta tarar ƙirgawa take, ba ta tambayar daga ina ya zo, na gishiri da na guba duk ɗaya ne a wurinta. Ya ce wanda yake neman maganin ƙwari ba ya ƙona tsokar haka kai tsaye. Sai ya fara jiƙa ta a wani ruwa mai kama da fetur, wanda yake janyo man kifin tare da maganin, ya bar gishiri a baya. Abin da aka janyo shi ake ƙonawa a auna. Kuma ya ce duk wanda ya koyi aikin nan ya san haka, sai dai in gaggawa ta sa aka tsallake, ko kuma an dogara da takardar da ta ce ba a sa komai ba.

Akwai kuma abin da ya faɗa wanda ya fi nawa muni, shi nake so ka karanta sau biyu. Ya ce ɗan ɗigon maganin da zai kwantar da yaro bai isa ya motsa wannan awo yadda za a lura ba, domin ko kifin da ba a sa wa gishiri ba yana da nasa ɗan kulorin na halitta, maganin sai ya ɓuya a ciki. Ma'ana, gwajin da kuka yi bai wanke sauran bakwai ɗin ba. In akwai mai yayyafa magani a cikinsu, yana nan a rumfarsa yau, an ma ƙara masa da masu sayen da suka gudu daga wurina. Mutane suna saye hankali kwance don hukuma ta ce an kama mai laifi.

5. Da wannan bayani na zo ofishinka karo na biyu. Na tarar da wani ma'aikaci mai farar riga a bakin ɗakin gwajin. Na ce masa gishiri ne, a taimaka a sake gwadawa. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce da Turancin kasuwa wai inji ba ya ƙarya, daga Turai aka kawo shi, ko shekara bai yi ba. Na ce ban ce inji ya yi ƙarya ba, ni na yi ƙarya, kuma na zo in gyara. Ya ɗauko takardar da na dangwala wa hannu ya kaɗa mini a fuska ya ce, "Da ka ce babu, yanzu da aka kama ka ka ce gishiri. Gobe kuma sukari za ka ce?" Waɗanda ke wurin suka yi dariya.

Haba, ranka ya daɗe! Na yarda ni na jawo wa kaina rabin abin nan. Amma ku da kuka yi karatu, kuka ga awo ɗaya ya yi tsalle ya bar bakwai a ƙasa, ba wanda ya ce a tsaya a duba? Ba wanda ya ɓanɓari tsokar ya ɗora a harshe? To, na ji, ana tsoron guba. Ba wanda ya jiƙa ta a ruwa ya gwada ruwan? An kashe dukiyar jama'a an sayo na'ura mai kyau, sai a ɗora mata aikin da ba a shirya mata ba, sannan a ɗauki amsarta a ba mai shela. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu a ɓace yake.

6. Tunda an ce na ƙirƙiro maganar gishiri ne don in kuɓuta, ga yadda nake yi, dalla-dalla, kowa ya gwada ya gani.

Ana kawo mini ɗanyen kifi daga kogin Gurara. In na fasa ciki na wanke, sai in cika babbar randa da ruwa a cikin ɗakin da nake kullewa. In zuba gishiri ina motsawa, in jefa sabon ƙwan kaza. Muddin ƙwan yana ƙasa, gishiri bai isa ba. Sai ya taso, kansa ya leƙo kamar faɗin sisi, sannan in tsame shi in zuba kifin. Daga bayan sallar asuba zuwa hantsi yake zama ciki, manyan tarwaɗa su ɗan ƙara. In na tsame sai in ɗauraye bayansa da ruwa mai kyau sau biyu, don kada farin gishiri ya fito a fata, wannan ɗaurayar ita ta sa ba wanda ya taɓa ganewa. Wanda ya ɗanɗana yakan ce kifin Umaru akwai gardi, amma banda cikin miya take shiga, miya kuwa da nata gishirin. Daga nan in shanya a inuwa ya tsane, sannan ya hau murhu da itacen ƙirya, wuta kaɗan, hayaƙi da yawa, ana juyawa. Shi ke nan. Babu laya, babu magani. Buhunan gishirin da ake gani ina saye ana cewa sari nake yi, a randar nan suke ƙarewa.

Jiya da safe na je maƙabarta na tsaya a kan kabarin mahaifina, na yi masa addu'a, na gaya masa zan karya alkawari. Ya bar mini sana'a da suna, ga shi an ce sai na zaɓi ɗaya. Na san daga ranar da jaridar nan ta fito, duk mai banda a Suleja zai iya yin kifi irin nawa, kuma abin da na fi su da shi ya ƙare. Hajara ta ce in ƙara tunani. Na yi, har na gaji da yi.

7. Ga abin da nake roƙo.

Na farko, ka aika a dakatar da ƙonawar ranar Alhamis. In ba za a iya ba, a ƙona goma a bar kwando ɗaya, a ɗaure shi, a sa hatimi, ya zauna a hannun Sarkin Kasuwa ba a hannuna ba.

Na biyu, a sake gwada kifina ta hanyar da ta dace, a raba gishiri da mai tukuna. Malam Istifanus ya ce zai zo ya tsaya a matsayin shaida in an ba shi izini. Tare da kwafin wasiƙar nan da zan kawo ofishinka akwai ƙulli biyu, ɗaya kifin da muke ci a gida, ɗaya gishirin da nake amfani da shi. In kana shakkar gishirina, ka ɗebo na kicin ɗin gidanka, ka barbaɗa a kan kowane nama, ka ba na'urar ka ga abin da za ta ce.

Na uku, a dawo layin kifi ba tare da sanarwa ba, a sake ɗiban na kowa, har da ni in an buɗe mini. Wannan karon a ja mutum gefe a tambaye shi shi kaɗai. Mu 'yan kasuwa ba ma faɗin yadda muke aiki a gaban abokin sana'a, duk wanda zai yi mana tambaya ya kamata ya san haka.

Na huɗu, in gwaji ya nuna akwai maganin ƙwari a kifina ko da ɗigo ne, a kai ni kotu, kada a tausaya mini. In kuma ya wanke ni, ba na neman diyya. Ina so mai shelar nan, shi ɗin dai, ya sake bin hanyar da ya bi, ya tsaya a tasha inda Mama Uche za ta ji, ya tsaya a Bagama a ƙofar telan nan, ya tsaya a ƙofar gidana, ya faɗa da ƙarfin da ya faɗi na farko.

Ku kuma abokan sana'ata, ga abin da kuka yi shekaru kuna nema, na ba ku kyauta. Randa ce da gishiri da ƙwai ɗaya. Wanda yake da kwalbar maganin nan a bayan rumfa, don girman Allah ya je ya binne ta yau, ba shi da sauran hujja. Yarinyar tela shekararta huɗu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ba ka ikon duba wannan magana kafin Alhamis. Allah ya tsare ka da sa hannu a kan abin da zai cuci bawansa, ya tsare 'ya'yanka da cin abin da zai cutar da su, ya sa ka gama aiki lafiya da mutuncinka. Juma'a mai zuwa zan sake aikawa da farantin nan masallaci, kuma zan ci gaba da aikawa har ranar da zai dawo babu komai a ciki.

Wassalam.

Naka,
Umaru Bawa Mai Banda,
Kwamba, Suleja.